Malam Edita, bindigar fentin nan don shanu da itace aka fara ƙera ta

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni mai karanta jaridarku ne daga nan Zinder, sana'ata gyaran babura da ɗan aikin walda, a waya nake buga wannan saƙon tsakanin aiki da aiki, saboda haka in an ga magana ta yi tsawo ba waƙafi a yi haƙuri.

Dalilin wasiƙar wani bidiyo ne da ke ta yawo a WhatsApp kwanan nan, wasu samari sun rufe fuska suna ɓuya bayan tayoyi suna harbin juna da fenti. Mutane na ta magana a kai, wasu na cewa horon ƴan ta'adda ne aka sa masa rigar wasa, wasu na cewa a'a shagalin ƴaƴan masu kuɗi ne kawai, dattawa kuma nasu mai sauƙi ne, duk abin da ke da baki da kunama to bindiga ce, magana ta ƙare. Ban ga laifin kowa ba, halin tsaron da ƙasa ke ciki ya isa ya sa mutum ya tsargu. Amma ni na san abin nan ta ɓangaren da mutane ba su cika dubawa ba, ɓangaren ƙarfen kansa, kuma ra'ayina shi ne waɗanda suka raini wannan wasan irinmu ne, masu ƙaramin shago da zarto da dalma, kuma in har wata rana zai shigo Damagaram to tsohuwar bindigar fenti mai famfo, wadda ake ja da hannu kafin kowane harbi, ita ce ta dace da mu, waccan mai batir da ake gani a bidiyo kam a bar wa masu ita.

Bari in fara daga tushe. Akwai wani kamfanin fenti a jihar Mishigan ta Amurka, sunansa Nelson, an kafa shi 1940, abin da yake sayarwa fenti ne da ma'aikatan gandun daji ke sa wa itace alama don a san wanda za a sare da wanda za a bari. To wani iccen yana ƙetaren rafi, wani yana tsakiyar sarƙaƙiya, kafin ka isa gindinsa ka jigata. Sai Charles Nelson ya yi dabarar ɗura fentin cikin ƙwanso mai laushi irin wanda ake ɗura magani a ciki, a harba daga nesa ya fashe a jikin iccen. Makiyayan can su ma suka ga ai abin nema ya samu, kana bisa doki ka sa wa saniya alama ba sai an kayar da ita ba. Wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi gab da layya ya ga raguna da ja da shuɗi a gadon baya ya san me ake nufi. Kamfanin Crosman ne ya fara ƙera masa bindigar a shekarun 1960, ba ta yi kasuwa ba, sai a 1972 kamfanin Daisy ya fito da wadda ake ce wa Nel-Spot 007, zanen wani injiniya James Hale. Kayan aikin gona ce zalla, babu wanda ya yi ta don a harbi mutum.

Wasan kuma gardama ce ta haife shi. Wasu abokai, Charles Gaines marubuci da Hayes Noel mai harkar hannun jari a birnin Niyu Yok, sun daɗe suna musu a kan wai in aka jefa ɗan birni mai wayo da mutumin ƙauye cikin daji wa zai fi iya tsira. Da su da abokinsu Bob Gurnsey suka sayi Nel-Spot, a watan Yuni 1981 mutum 12 suka shiga wani daji a Henniker cikin jihar Niyu Hamsha, kowa da bindigarsa da taswira da tabarau, ana tseren tattara tutoci, wanda fenti ya taɓa ya fita. Wanda ya ci sunansa Ritchie White, ma'aikacin daji ne, kuma wallahi wannan ne wurin da ya fi min daɗi a labarin gaba ɗaya, har aka tashi bai harba ko ɗaya ba. Sanɗa kawai da sanin daji. Mujallar Sports Illustrated ta buga labarin a shekarar, mutane suka yi ca, Gurnsey ya buɗe kamfanin National Survival Game yana sayar da kayan. Fentin lokacin ma na mai ne, in ya taɓa riga sai an nemo man goge fenti, sai daga baya cikin shekarun 1980 aka koma wanda ruwa ke wankewa.

Yanzu ga inda hannun masu gyara ya shigo. Ita 007 ɗin nan ba ta da famfo da farko. Wani ɗan maɓalli ne a gefe, sai ka kama shi ka ja baya ka tura gaba kafin kowane harbi, ga sifirin mai tauri, in ka yini kana yi yatsa ya yi kanta ko ya ɗuri ruwa. Mai sa wa itace alama wannan bai dame shi ba tunda icce ba ya ramawa, amma wanda ake kora a guje cikin daji fa? Sai ƴan wasan suka fara sa wa bututun riga, wani hannu da ke zamewa gaba da baya, aka haɗa shi da maɓallin, hannu ɗaya na riƙe da bindiga ɗayan na ja. Famfon ke nan. Daga ƙananan shaguna abin ya taso, kamfanoni daga baya suka bi sahu.

Ana cikin haka wani kamfani PMI da aka kafa 1982 ya je wajen Sheridan, masu ƙera bindigogin iska tun da daɗewa, suka yi masa tasu da tagulla, wadda bayan an sa mata famfo ta zama PGP. Daga nan gida ya rabu biyu har yau, akwai ƴan gidan Nelson akwai ƴan gidan Sheridan, kuma bambancin a ciki yake. A tsarin Nelson komai layi ɗaya ne cikin bututu guda, in ka ja famfo abin da ke tura ƙwallon fentin ya koma baya ya maƙale da guduma, ka tura gaba su taho tare, kana taɓa kunama gudumar ta kuɓuce ta koma baya da ƙarfi ta buɗe bawul, iskar gas da ke matse cikin ƴar kwalba ta biyo ta tsakiya ta fitar da ƙwallon. A tsarin Sheridan kuwa hawa hawa ne, guduma da bawul suna bututun ƙasa, gudumar gaba take dukan bawul, iskar ta hau ta wani ɗan rami zuwa bututun sama. Duk makanikin da ya taɓa kwance karbireta zai gane wannan cikin minti kaɗan, sifirin biyu ne ke faɗa da juna, na guduma da na bawul, wanda ya fi ƙarfi shi ke yanke yawan iskar da za ta fita.

Ni na riƙe PGP da hannuna lokacin da nake aiki wani garaji a Abijan, wani mai kawo mana mota ne ya zo da ita a tsumma yace ta daina riƙe iska ko za mu duba. Abin da ya fara ba ni mamaki nauyinta, ƴar ƙarama amma ta cika hannu. Bututu uku ne a jere an liƙe su da dalma, na sama na zuba ƙwallaye 10, na tsakiya shi ne bakin, na ƙasa nan ake cusa ƴar kwalbar gas mai giram 12 ta gaba a murɗe da wani murfi mai ƙaiƙayi a yatsa. Baƙin fentin jikinta ya goge a wurin da tafin hannu ke zama, tagullar ta fito tana ƙyalli, can cikin lungunan kuma ta yi kore. Muna ɗaura sabuwar kwalba sai tsssss ta baki, kafin ka ce kwabo kwalbar ta yi sanyi ƙarara har raɓa ta kwanta mata. Da aka buɗe, wata ƴar roba ce a kan bawul da ba ta kai ƙwayar wake ba, ta bushe ta tsage. Ita ke nan ciwon. Babu waya, babu batir, babu wani allo da za a ce sai an kai kamfani. Abin da ya tuna min tsohuwar Fijo 504, wadda in ta mutu maka a hanyar Tanut da sifana da filaya za ka tashe ta.

To ita tagulla ai ba ta gardama da mai sana'a, tana yankuwa, tana gogu, tana karɓar dalma, shi ya sa PGP ta zama abin wasan masu gyara. Kuma in ka bi gyare-gyaren da aka yi mata ɗaya bayan ɗaya za ka ga kowanne wata wahala ce ta filin wasa ta jawo shi. Kwalbar giram 12 harbi 20 ne ko sama da haka kaɗan ta ƙare, kuma canza ta sai ka tsaya kana murɗe murfi ana ruwan fenti a kanka, sai aka ƙirƙiro murfi mai saurin cirewa, wani ma ɗan hannu ne kake ja kwalbar ta faɗo da kanta. Wasu suka ce su kam sun gaji da ƙananan kwalabe, suka jona babbar tukunya da tiyo, harbi ɗaruruwa ba canji. Bututun sama mai cin 10 a kwance yake, sai ka karkata bindigar kafin ƙwallo ya gangaro, sai masu gyara suka yanke shi suka liƙa ɗan wuya a tsaye aka ɗora gwangwanin zuba ƙwallaye a kai. Aka ƙara tsawon baki, aka sa abin dafawa a kafaɗa, aka huda baya aka sa noti na ƙara gudu ko ragewa ba sai an kwance komai ba, aka gyara kunama yadda in ka danne ta kana famfo kawai take fita. Wasu gyaran kuma na ado ne tsantsa, a kankare baƙin fentin a goge tagullar har ka ga fuskarka, ko a yi mata wankan nikel, a sassaƙa mariƙi na katako daidai tafin mai ita, a ɗinka mata kube na fata.

Gyaran da ni na fi girmamawa shi ne wanda ido ba ya gani. Mutum ya zauna da bawul yana gyara hanyar iska, yana rage wa guduma nauyi, yana gwada sifirin wannan da wancan, har kwalbar da ke ba da 20 ta haura 30 kuma kowane harbi gudunsa ɗaya da na bayansa. Wannan shi ne gwaninta. Glenn Palmer na birnin Sakramento a Kalifoniya da irin wannan aikin tagullar ya yi suna, shagonsa Palmer's Pursuit Shop. Bud Orr shi ma a Kalifoniya, a garejin gidansa ya ɗauki tsarin Sheridan ya zuba shi a jikin alminiyom mai bakin da ake cirewa, ya sa mata suna Sniper, daga baya a ƙarshen shekarun 1980 ya ɗora mata wasu ƴan kayan iska a gaba da ke ja mata famfon da kansu, ta zama Autococker da ta yi tashe a gasa shekara da shekaru. A gidan Nelson kuma Mike Casady na jihar Oregon ya fito da Phantom a 1987, mara nauyi, mai tattalin iska, har yau masu son famfo ba su daina nemanta ba. Ka duba dai, duk mutanen nan da ƙaramin shago suka fara.

Sai dai gyara ya yi gyara har ya kusa cinye wasan. Daga mai ja da kanta aka koma mai batir da kwamfuta a mariƙi, tana zubo sama da ƙwallo 10 a daƙiƙa ɗaya, gwangwanin sama na cin 200, ana sayen fenti kwali kwali kowane kwali 2000. Wanda ya fi kuɗin fenti shi ke da fili. Shi ya sa wasu tsofaffin ƴan wasa suka ja baya suka kafa nasu rukunin da doka mai tsauri, dole famfo, dole ƴar kwalba mai giram 12, dole bututun ƙwallo ya kasance a kwance sai ka karkata. Da gangan suka mayar da wahalar da aka yi shekaru ana gudu. Wasu na musu dariya, ni kuma ina ganin su suka fahimci abin, don in ƙwallo 10 gare ka ba ka harbin banza, sai ka yi tunani, ka yi rarrafe, ka jira, irin wasan da Ritchie White ya ci ke nan.

Yanzu mu dawo gida. Malam Edita ka san garin nan ba baƙon ƙira ba ne. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu 1884, a nan Damagaram ake zuba igwa ana haɗa albarushi, ba daga Turai ake jiran su ba. Jikokin waɗancan maƙeran suna nan, masu zubin tukwanen alminiyom suna nan, masu injin gurza ƙarfe da ke yi mana abin da ya gagara samu a kasuwar Dole suna nan, dukawan da jakunkunansu da takalmansu suka yi suna har waje suna nan, kube na fata ai wasan yara ne a wajensu. Yaranmu ma tun suna ƙanana da kara suke ƙera mota da bindiga da kyamara, wanda ya ga wasan kara ya sani. Hannu dai akwai. Kuma ta fuskar aljihu, fenti daga waje za a riƙa kawo shi da kuɗin sufuri da na duwan, wanda zai ƙone 500 a yini ɗaya da wanda 50 za su ishe shi ba ɗaya ba ne. Mai batir in ƙurar hunturu ta shige ta ko allon ya ƙone sai a rataye, mai famfo kuwa a kwance a wanke a shafa mai a mayar.

Amma akwai abin da duk mai sha'awar ya kamata ya sani game da zafinmu, don waɗanda suka ƙera kayan nan a ƙasar sanyi suke. Iskar da ke cikin ƴar kwalbar ruwa ruwa take, kuma ƙarfinta yana bin zafin gari ne. In ka yi harbi da sauri kwalbar ta huce ƙarfin ya faɗi, ƙwallo ya riƙa zubewa a gabanka. In kuma ta sha rana ƙarfin ya hau, daga digiri 31 zuwa sama ma ba ta zama ruwa kuma, matsin sai ya yi ta tashi, mu kuwa a Afrilu da Mayu 40 muke haurawa kullum. Ma'ana bindigar da aka daidaita da safe tana iya zama wata aba daban da azahar. Dokar filayen wasa a duniya ita ce kar gudun ƙwallo ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, wajen mita 90 ke nan, kuma akwai ɗan injin awo da ake harbawa a kansa kafin a shiga. A Zinder wannan awon sai an maimaita shi da rana, kuma ba a barin kwalba cikin mota ko a kan sirdin babur. Wani zai ce to a yi amfani da iskar kwamfuresa mana, e ana yi, ta fi zama daram, amma tukwanenta matsin 200 zuwa 300 ake ɗura musu a ma'aunin matsin iska da ake ce wa bar, na mai faci a bakin titi da ƙyar yake kai 10, kar wani ya ce zai gwada dabara a nan. Shi kansa ƙwallon, faɗinsa wajen milimita 17, ƙwansonsa daga fata da ƙashin dabba ake dafa shi, zafi da laima na sa shi ya yi laushi ya kumbura ya ƙi fashewa, sanyin hunturu da bushewa kuma su sa ya fashe tun a cikin baki. Ajiyarsa sai inuwa, cikin leda a ɗaure.

Kuma ina so in ja kunnen ƴan uwana masu gyara tun kafin abin ya zo, don na san halinmu, ana kawo maka abu tambayar farko ita ce ya za a ƙara masa wuta. Wanda ya cusa sifirin mai tauri don ƙwallo ya fi zafi a jikin mutum ni ban ɗauke shi gwani ba, mugu ne kawai da zarto a hannu. Ƙwallon nan ko a gudun doka yana barin shaida a fata, a ido kuwa yana iya makantarwa har abada, shi ya sa ba a wasan sai da abin rufe fuska da aka yi musamman dominsa, tabarau na rana ko na walda ko gilashin hular kwano duk ba sa tarewa, kuma ba a cirewa a cikin fili ko da gumi ya rufe maka ido.

Sai babbar magana, hukuma. PGP daga nesa, musamman da magariba, babu jandarman da zai tsaya tantance ko ta fenti ce. Yaro ya soke ta a ƙugu ya hau kabu-kabu ya nufi shingen bincike, Allah ya kiyaye abin da zai biyo baya, kuma ba za a ga laifin jami'in ba. Saboda haka ni ban goyi bayan kowa ya shigo da ita a ɓoye ko ya ajiye a ɗaki ba, ko kusa. In za a yi, a yi shi a fili mai katanga da raga, da takardar izini, kayan su kwana a wurin a kulle da lissafi, a shafa musu launi mai haske yadda kowa zai gane, a sa babba mai hankali ya tsaya a kai yadda ake sa alƙali a filin kokowa. Samarin da ke zaune a fada daga safe har dare suna jiran shayi na uku, da yawansu ƙarfi ne ya yi musu yawa ba wurin sauke shi, wasu kuma da an ba su bawul da sifirin su yi wasa da su da yanzu sun zama makanikai.

Roƙona gare ku shi ne ku tura wakilinku na nan Zinder ya je wajen hukumomin tsaro da ma'aikatar matasa da wasanni ya tambayo a buga a jarida ƙarara, wace takarda ake buƙata kafin a buɗe irin wannan fili, wa ke bayarwa, me aka hana. In ya gama da su ya biyo ta wajen masu injin gurza ƙarfe da dukawa ya nuna musu hoton PGP a kwance gunduwa gunduwa, ya ji me za su ce game da mariƙin da kuben da famfon. In yana son wanda zai raka shi ya yi masa bayanin cikinta, shagona a buɗe yake kullum ban da Juma'a da rana.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku,
wani mai gyaran babura, Sabon Gari, Zinder